Haƙori Ɗaya Tak: Yadda Ake Saita Taimin

Bel ɗin taimin roba ce mai haƙora da ke haɗa sanduna biyu na injin mota. A ƙasa akwai karanshaf, wanda fistan ke juyawa. A sama kuma kamshaf ne, mai buɗe bawul da rufe su, wato ƙofofin shigar mai da iska da na fitar hayaƙi. Sai karanshaf ya zagaya sau biyu kamshaf ke zagayawa sau ɗaya, shi ya sa haƙoran giyar sama suka ninka na ta ƙasa.

Gwanin bakanike ba ya gaggawar zare tsohon bel. Zai cire kan batir, ya kwance fulogai don injin ya yi sauƙin juyawa, sannan ya ɗora sifana kan notin karanshaf yana murzawa a hankali, har fistan na ɗaya ya kai ƙololuwa, bawul ɗinsa duk a rufe. A yawancin motoci, a daidai nan alamun da kamfani ya zana suke haɗuwa, kuma kowace mota da nata salon. Tsohuwar Honda Accord an rubuta UP a jikin giyar sama, injinta kuma hagu yake juyawa, saɓanin yawancin motoci. A Camry ta shekarun 1990, ta wani ɗan rami a jikin giyar ake leƙa alamar. Peugeot 406 kuwa ƙarfe ake zurawa a rami a kulle giyar, ta kasa motsi. Sau da yawa baƙin mai ya rufe alamar, sai an goge da tsumma an shafa alli.

Daga ƙasa ake fara ɗora sabon bel, a ja shi ya miƙe tsam ta ɓangaren da babu tanshina, ɗan fulin da ke ɗame bel. Duk sakin da ya rage wajen tanshina ake tara shi. Ba a lanƙwasa bel, ba a tura shi da sukudireba, ba a barin mai ya taɓa shi. Me ya sa ake wannan ƙaƙale? A giya mai haƙora 40, kuskuren haƙori ɗaya digiri 9 ne a sama, 18 a karanshaf. Mota za ta tashi, amma ba ƙarfi, ga shan mai. In kuskuren ya kai haƙora da yawa, a injuna da dama fistan zai daki bawul ya lanƙwashe su, sai an sauke kan inji.

Wurin da ya fi burge ni shi ne na ƙarshe. Malalacin bakanike yana ɗaure tanshina sai ya ce a murɗa makulli, mai mota ya biya kuɗin gwajin. Gwani kuwa sifanarsa yake sake ɗauka, ya juya injin da hannu zagaye biyu cur, yana jin nauyinsa a tafin hannu. Da ya ji wani abu ya tokare, zai tsaya cak, ba ya tilastawa. In ya zagayo lafiya, sai ya sake haska alamun da tocila ɗaya bayan ɗaya, ya danna bel da yatsa ya ji ɗaurinsa. Sai sun zauna daram zai mayar da murfin bel da fulogai da kan batir, ya ce wa yaronsa, "To, tayar da ita."