Jitar Abzinawa a Situdiyon Nanaye

A 2008 wani matashi Ba'abzine daga Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar, ya shiga wani situdiyo a Sakkwato riƙe da jitarsa. Situdiyon irin na waƙoƙin fim ne: ganga daga na'ura, murya kuma a bi ta da Auto-Tune har ta riƙa karkarwa kamar ta mawaƙan nanaye. Abin da ya fito shi ne kundin Anar, waƙoƙi cikin Tamashek, jitar hamada, amma ado duk na Hausa. Babu kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi yawo, ta Bluetooth da katin memori, har waƙar "Tahoultine" ta faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley. Shi ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya bi sawu har ya gano mai ita, sannan kamfaninsa Sahel Sounds ya buga Anar a faifai a 2014.

Daga nan tauraron Mdou ya haska. Ya kafa ƙungiya da makiɗa na gaske, ya fitar da Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024, jaridun Amurka da Ingila suna ta kwatanta shi da Jimi Hendrix. Ba na ja da gwanintarsa, bahago ne mai yatsun wuta. Amma a wurina kundin da ya fi kasada shi ne na Sakkwato, wanda masu sharhin Turai suka fi ɗauka a matsayin abin mamaki na ƙuruciya. Jita mai ruri sun san ta tun kakanninsu. Jitar da ta zauna lafiya da kiɗan fim ɗin Hausa kuwa sabon abu ce, kuma a ƙasarmu aka haife ta.

Abin da ya sa nake kawo wannan labari shi ne gardamar da ba ta ƙarewa a nan Samaru, a majalisun masu shayi da tsakanin ɗaliban jami'a. Wasu sun kafe cewa fiyano ya kashe kiɗan Hausa, sai su jero maka Shata da Ɗan Maraya da Haruna Uji suna girgiza kai. Wasu su ce zamani riga ne, a bar matattu su huta. Ni dai ban ga laifin na'ura ba. Laifin na ragwanci ne da tsoro.

Shiga wani ƙaramin situdiyo a Sabon Gari ka gani. Mawaƙi ya zo da baitocinsa a takarda ko a waya, ya rera amshi sau biyu. Mai kiɗa, ido a kan kwamfuta, ya lalubo wani kiɗan da ya yi wa wani makon jiya, ya ɗan ƙara masa sauri, ya sauya sautin sarewa. A kira 'yar amshi, a ɗora murya, a matse ta da Auto-Tune. Kafin magariba an tura wa ango ko ɗan takara. Na san dalili: mai biki ba zai biya makiɗa biyar ba, kuma wutar lantarki ba ta jiran kowa ya yi gwaji. Amma abin da ke ba ni haushi, 'yan layuka kaɗan daga wannan ɗaki, kowace Lahadi akwai samarin da ke kaɗa jita da ganguna da hannunsu a majami'un Sabon Gari, wasunsu Hausa suke waƙa da ita. A gidajen biki kuma har yanzu kalangu yana magana. Garin nan namu da marigayi Hassan Wayam ya zauna da kukumarsa bai rasa masu goga tsirkiya ba. Duk waɗannan mutane suna gari ɗaya, suna hawa Keke Napep ɗaya, amma da wuya ka same su a ɗaki ɗaya gaban makirfo.

Za a ce wa zai saya? Tambayar gaskiya ce. Anar ma ba wanda ya saya da farko, kuma shekaru Mdou ya yi yana cin abinci da kiɗan biki a Agadas. Ba kowane gwaji ne Bature zai tsinta ba, kuma bai kamata a yi don shi ba. Waɗanda suka fara raba waƙoƙin nan 'yan Sahel ne masu ƙananan wayoyi, sun ji abin da ya yi musu daɗi suka tura wa na kusa, tun kafin Kirkley ya san da su.

Saboda haka ga roƙona ga masu situdiyo na Sabon Gari da Samaru. Cikin waƙoƙi goma da za ku naɗa don kuɗi, ku ware ɗaya. Ku kira mai jitar majami'a, ku kira mai kalangu ko mai kukuma, ku bar Auto-Tune a kunne in kun ga dama, ku ba su yini guda. In ta lalace, ku goge. In ta yi kyau, ku kai wa masu tura waƙa a kasuwa, su sun san yadda ake yi.