Aikin Hannun Mata da Haƙƙin Suna: Nazari Daga Gaɓar Tafkin Kainji

Tun daga shekarar 1971, sa'ad da wata malamar tarihin zane ta ƙasar Amurka, Linda Nochlin, ta tuhumi malaman fanninta da dalilin rashin ambaton mata a cikin manyan gwanayen zane, ta kuma kafa hujja da cewa makarantu da al'adu ne suka rufe musu ƙofa alhali basira ba ta gaza musu ba, mas'alar mace da fasaha ta zama babi mai zaman kansa a jami'o'in duniya, har ta iso namu. Masu wannan ra'ayi, idan an taƙaita maganarsu, suna neman a ambaci mace a kan aikinta, a daina ƙasƙantar da sana'o'in da aka san mata da su, kamar saƙa da ɗinki da ginin tukwane, a kuma ƙyale ta ta bayyana kanta da kanta. Wajibi ne ga mai hankali ya auna wannan da'awa da ma'aunin ƙasarsa kafin ya karɓa ko ya ƙi, domin cutar da aka yi wa magani a wani gari ba lalle ne ita ce ke damun mutanen wani garin ba.

Duk wanda ya san ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Shanga da Ngaski da Wara, inda Hausawa da Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, ya san cewa mafi yawan abin da ido ke gani na ƙawa a cikin gida daga hannun mace ya fito: faifan da aka saƙa da kaba mai launi, da randar da aka yi wa zane a wuya, da kitso, da lalle, da tsarin ɗaki. Saboda haka ƙorafin cewa an hana mace yin fasaha ba shi da gurbi a nan. Abin da ya kuɓuce mata shi ne sunanta a kan aikin, da cikakken farashinsa, da jin ta bakinta idan manya suka zauna za su tsara wani abu babba.

Bari mu fara da jere, domin shi ne mafi girman baje kolin da mata suka mallaka. Kafin a kai amarya, gwaggonninta da ƙannen uwarta da yayyenta sukan shiga ɗakin su kaɗai, babu namiji ko ɗaya, su ɗora babbar kwalla a ƙasa, mai bi mata a kanta, har jerin ya doshi rufi, suna juya kowace langa domin furen da ke jikinta ya fuskanci ƙofa, suna raba launi da launi kada biyu masu kama da juna su haɗu. Sau da yawa wata dattijuwa takan koma bakin ƙofa, daidai inda baƙuwa za ta fara jefa ido, ta ce, "Ke 'yar nan, sauke waccan, ta danne 'yar'uwarta," a amsa mata da "To, Gwaggo," a sake lale. Kayan sun sauya da zamani, daga zanannun ƙore zuwa tasoshin tagulla, daga nan zuwa kwanon sha da langa da kwalla na masana'anta, har zuwa tangaran a kabad mai gilashi, amma ƙa'idar daidaito da tsayi da maimaici tana nan yadda take. A shekarar 1979 wata mai zane Ba'amurkiya, Judy Chicago, ta jera farantai 39 a kan teburi mai kusurwa uku domin tunawa da fitattun matan tarihi, aka yi ta jayayya a kan ko faranti da ɗinki sun cancanci ɗakin nuni. Matan Hausa kuwa ba su taɓa neman iznin kowa ba kafin su ɗauki jerin kwano a matsayin abin da ake yi wa hukuncin kyau da muni.

Hasali ma jere ya wuce ado. A shari'a dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji, iyaka dai malaman Malikiyya sun ba mijin damar hana kyautar da ta haura sulusin abin da ta mallaka. Ke nan abin da ke bangon ɗaki taska ce da mai ita za ta iya sayarwa ranar buƙata, ko ta tafi da ita idan zama ya ƙare, ko ta ajiye wa 'yarta. Sai dai adalci ya hana mu yabon al'adar ba tare da ambaton aibinta ba, domin gasar kishiyoyi da gorin dangin miji sun mayar da kayan ɗaki nauyi a wuyan iyaye, har uwa ta shafe shekaru tana adashi ko ta ci bashi don kada a raina 'yarta, kuma a ƙarshe a auna darajar yarinya da yawan kwanukanta.

Daɓe ma aikin mata ne na gayya. Su ke baza tsakuwa ko tsingaro, su yayyafa ruwan makuba da aka samo daga kwasfar ɗorawa, su jeru da madaɓai suna bugu a tare har ƙasa ta yi santsi da sheƙi. Da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da gungu-gungun da Gungawa ke noma a kai, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin ƙauyuka da aka zana a takarda aka gina da bulo na siminti. Ba a musun cewa siminti ya fi jure damina, kuma da ma yana tafe ko da madatsa ko babu. Amma gidan da aka fitar da fasalinsa iri ɗaya domin ɗaruruwan iyalai ba ya barin gurbin hannun matar da za ta zauna a ciki, wadda ita ta san inda murhu ya dace da inda randa za ta sami inuwa. Wannan shi ne ɓangaren da'awar da ya fi dacewa da mu, wato a san cewa zayyana ta haɗa da tsarin gida da rijiya da rumfar kasuwa, kuma wadda ta fi kowa amfani da su ita ta fi cancanta a shawarta.

Idan muka nufi gabas zuwa ƙasar Zuru, za mu tarar da misali mafi ban mamaki. Dakarkari, wato Lelna, sun shahara da tukwanen kabari masu siffar dabbobi da mahaya, waɗanda a da ake ɗorawa a kan makwancin manyan manoma da mafarauta da 'yan kokawa da shugabanni, kuma masu gina su mata ne na wasu gidaje keɓaɓɓu, uwa tana koya wa 'ya. Mu Musulmi ba mu tare da aƙidar da ta haifi al'adar, kuma malamanmu sun yi magana a kan sura mai inuwa, al'adar ma ta ja baya da yaɗuwar Musulunci da Kiristanci. Abin lura kawai shi ne cewa hannun mace ne ya dawwamar da ambaton namiji, ita kuma aka manta da ita. Irin waɗannan tukwane suna gidajen tarihi na Turai da Amurka a yau, galibi da sunan ƙabila kaɗai a ƙarƙashinsu.

Wadda ta tsira daga wannan mantuwa ita ce Ladi Kwali, Bagwariya maginiya da aka haifa wajen 1925. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, a nan wani Bature, Michael Cardew, ya gan su, a 1954 kuma ta shiga makarantar tukwane da Baturen ya buɗe a Abuja ta wancan lokaci, wadda ake kira Suleja yanzu, ta zama mace ta farko a cikinta. Ta ci gaba da zana kunama da ƙadangare da kada da kifi a jikin randunanta kamar yadda ta koya a gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga kuma hotonta a bayan takardar naira 20. Gwanintarta tata ce, babu mai ja. Amma da sarki bai ajiye ba, Bature bai gani ba, da ta bi sahun dubban maginan da ake sayen aikinsu a kasuwa ba a tambayi sunansu ba. A birnin Zazzau ma, tun daga shekarun 1970 mata suka shiga ɗinkin hannu na manyan riguna, wanda a da aikin maza ne, suna cike aska takwas da tambari daga cikin ɗakunansu, sai rigar ta bi ta hannun dillalai ta isa wuyan mai sarauta, kuɗin aikin kuwa kaɗan ne daga farashinta.

Kada a zaci gyaran wannan hali sai an aro shi daga ƙetare. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'yan taru domin karantar da matan karkara, takan naɗa wa kowace jaji, wato jagorar 'yan tarun, malfa da jan ƙyalle, alamar da duk wanda ya hango ta a hanya zai san cewa mai ilmi ce ke tafe da izni. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai Nana ta ɗauke ta ta ba ta sabuwar ma'ana. Mace ce ta tsara alamar, mata suka sanya ta, al'umma kuma ta girmama ta, duk a cikin haddin shari'a.

A zamaninmu wayar hannu ta fara yin abin da gidajen tarihi suka kasa, domin mai lalle ko mai kitso takan ɗauki hoton aikinta ta sa a WhatsApp ko Instagram tare da sunanta, a neme ta daga wani gari, ta yanke farashi da bakinta. Saura masu saƙa da magina na ƙauye, waɗanda ba su da waya kuma robobi suna cinye musu kasuwa. Lalle ne masarautar Yauri da ƙananan hukumomin Shanga da Ngaski da Yauri, a duk sa'ad da suka baje kayan al'ada, kamar a bikin Rigata, su rubuta sunan maginiya da garinta a gefen aikinta idan ta yarda, su sayi kayan daga hannunta kai tsaye, su kuma zaunar da mata a cikin masu shawara idan za a zana kasuwa ko gidajen jama'a. Malamanmu sun ɗauki jingina magana ga mai ita a matsayin amanar ilmi, sun kuma haramta tauye ladan ma'aikaci. Wanda ya yarda da waɗannan asulla biyu ba shi da uzurin keɓe aikin hannun mace daga hukuncinsu.