Margaret Dumont: Gwanintar Ɗaure Fuska a Finafinan Barkwanci

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin barkwanci sukan mayar da hankali ga wanda ya saki maganar ban dariya, su manta da wanda aka sakar wa ita. Wannan takarda za ta duba aikin Margaret Dumont, 'yar wasan Amurka da ta fito a finafinai bakwai na 'yan'uwan nan da ake kira Marx, tsakanin 1929 da 1941. Manufar ita ce a nuna cewa ɗaure fuskar da aka san ta da shi sana'a ce da ta ƙware a kai, kuma da saninta take yin sa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinta

An haife ta a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1882, sunanta na asali Daisy Juliette Baker. Ta fara da waƙa da wasan dandamali tun da ƙuruciya. A 1910 ta auri wani ɗan gidan attajiran sukari, ta bar wasa, amma da ya rasu a 1918 sai ta koma. A 1925 aka ba ta matsayin Misis Potter a wasan dandamali mai suna The Cocoanuts, inda ta haɗu da 'yan Marx. Wannan wasa aka mayar fim a 1929, sannan Animal Crackers ya biyo baya a 1930.

3.0 Halin da Take Fitowa da Shi

Dumont ba tauraruwar fim ba ce. Tana cikin 'yan wasan da ake nema domin su fito da hali iri guda, kuma nata halin shi ne na attajira, galibi wadda mijinta ya rasu, mai ji da kanta da son shiga sahun manya. A Duck Soup (1933) ita ce Misis Teasdale, wadda ta yarda ta ba ƙasar Freedonia dala miliyan 20 bisa sharaɗin a naɗa Firefly, wato Groucho Marx, shugaba. A A Day at the Races (1937) ita ce Misis Upjohn, mai ƙirƙirar wa kanta ciwo, wadda ta amince da likita guda a duniya, alhali kuwa likitan dawaki ne.

Ta fuskar harshe, aikinta ya fi fitowa fili. Makamin Groucho shi ne magana mai harshen damo: cikin sauri yakan haɗa zagi da neman aure a numfashi ɗaya, kuma kuɗinta yake so. Ita kuma tana magana a hankali, da lafazin manya, tana ba kowace kalma haƙƙinta. Idan ya jefa kalma mai ma'ana biyu, sai ta ɗauki ma'anar mutunci ta amsa a kanta. Ta haka ne mai kallo ke jin ma'anonin biyu a lokaci guda, ɗaya daga bakinsa, ɗaya daga amsarta. Da za ta yi dariya ko ta rama, da zancen ya koma cacar baki tsakanin tsara biyu. Idan aka kwatanta da Monkey Business (1931) da Horse Feathers (1932), inda Thelma Todd ta fito a madadinta, za a ga bambancin: Todd tana shiga wasan ana yi da ita, don haka babu wata martaba da Groucho zai tunkara ya rusa.

4.0 Zargin Rashin Fahimta

Groucho ya sha faɗin cewa Dumont ba ta gane barkwancinsa, har ya maimaita haka a 1974 lokacin da aka ba shi lambar girmamawa ta Oska, shekara tara bayan rasuwarta. Labarin ya yi daɗi a baki, ya yaɗu, amma hujjoji ba su goyi bayansa ba. Na farko, ta yi shekaru a wasan ban dariya kafin ta san 'yan Marx. Na biyu, a dandamali ta yi aiki da su dare bayan dare, gaban jama'a, kuma Groucho ya shahara da sakin maganar da ba ta cikin rubutu. Wanda bai san inda dariya take ba, ba zai san inda zai dakata ya bar jama'a su gama ba, kuma a finafinan ana ganin yadda take jinkirta amsa daidai gwargwado. Na uku, sauran manyan masu barkwanci sun neme ta don wannan aiki: W. C. Fields a 1941, Laurel da Hardy a The Dancing Masters (1943), Abbott da Costello a Little Giant (1946). Na huɗu, a shirin talabijin na The Hollywood Palace da ta yi da Groucho kwanaki kaɗan kafin rasuwarta a Maris 1965, an ga tana dariyar maganganunsa.

Illar wannan zargi ita ce ya mayar da ƙwarewar mace tamkar dace, ya bar yabon duka ga namiji. Haka kuma dole a faɗi cewa yawancin barkwancin a kan jikinta da shekarunta aka gina shi, har a At the Circus (1939) aka harba ta daga bakin igwa. Mai kallo na yau zai iya jin nauyin wannan, kuma yana da gaskiya. Masana'antar ma ta tsare ta a hali guda har fim ɗinta na ƙarshe, What a Way to Go! (1964).

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa da abokin daka ake shan gari. Barkwancin Groucho da Dumont aikin mutum biyu ne, kuma rabonta a ciki shi ne riƙe mutunci komai aka yi mata. Ɗalibin da zai yi tarken wasan ban dariya, a kowane harshe, ya kamata ya rubuta amsar da aka bayar kamar yadda ya rubuta maganar da aka jefa, sannan ya auna shirun da ke tsakaninsu.