Alamar Tambaya a Bakin Taurarin Labari: Ɗan Tsokaci

Duk wanda ya duba gajerun labarai da wasannin kwaikwayon da ɗalibai ke rubutawa, ko littattafan soyayya da suka fara cika kasuwar Kano tun cikin shekarun 1980, ko kuwa waɗanda ake watsawa yanzu ta wayar hannu, zai lura cewa babu alamar rubutun da ake wulaƙantawa kamar alamar tambaya. Wani marubucin ya manta da ita ɗungum, wani ya dasa ta inda ba a tambayi kowa kome ba, wani kuma ya jera uku ko huɗu a ƙarshen jimla ɗaya. Da yawa daga cikinmu na ganin wannan aikin mai gyaran ɗab'i ne. A ganina kuwa aikin mai labari ne, domin ita ce ke nuna muryar da tauraro ya yi magana da ita.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a Hausa shi ne yanayin rubutunmu. Bature idan zai yi tambaya yakan sauya jerin kalmominsa, saboda haka ko an manta da alamar mai karatu zai gane. Bahaushe kuwa yakan bar kalmomin yadda suke, ya ɗaga murya, ya ja wasalin ƙarshe. "Ya tafi" labari ne, "Ya tafi?" tambaya ce, kuma harafi ɗaya bai canza ba. To, rubutun boko na yau da kullum, tun daga ƙa'idojin da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 har zuwa daidaitawar da aka yi a Yamai a 1980, bai tanadi alamar karin sauti ba, kuma ba ma nuna tsawon wasali. Ke nan nauyin da murya ke ɗauka a baka ya koma kan wannan 'yar ƙugiya ita kaɗai.

Alal misali, a ce marubuci ya kai mu kasuwa, wata mata ta ɗaga turmin atamfa ta ce, "Nawa ne." Da wannan aya ya mai da ita mai iƙirarin kayan mutane, alhali farashi take nema: "Nawa ne?" Haka maigida ya ga ɗansa ya nufi ƙofa da dare ya ce, "Ina zuwa?" Idan aka sa aya, sai ya zama uban ne ke cewa zai je ya dawo. "Wane ne?" neman suna ne, "Wane ne." kuwa sakaya suna ne. A baka kunne na rarrabe waɗannan tagwaye da karin sauti, amma a takarda kamanninsu ɗaya.

Mafi haɗari duka ita ce jimlar korewa. A ɗauki wasan da aka gurfanar da yaro gaban alƙali kan satar akuya, aka kira shaida. Idan shaidan ya ce, "Ba shi ne ya kwance ta ba." ya wanke yaron. Idan ya ce, "Ba shi ne ya kwance ta ba?" ya ɗaure shi, domin nufinsa kowa ma ya sani shi ne. Kalmomi bakwai ne a nan, bakwai a can, hukunci kuwa ya sha bamban. A rubutaccen wasan kwaikwayo, irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Uwar Gulma, babu mai ba da labari da zai tsoma baki ya ce wane ya tambaya ko wane ya musa. Sunan ɗan wasa ne kawai da maganarsa. Wanda zai hau dandamali alamar yake bi, kuma idan ta ɓata, to shi ma zai ɓatar da 'yan kallo.

Sai kuma masu wuce gona da iri. Da zarar sun rubuta kalmar "tambaya" sai hannunsu ya kai ga alamar, su rubuta: Ya tambaye ta ko ta gama girki? Wannan ba tambaya ba ce, labarin tambaya ne, aya ce ta dace da shi. Hausa ma ta sauƙaƙa mana, domin idan ana ba da labarin tambaya sau da yawa kalmar kanta takan sauya: "ina" ta koma "inda", "me" ta koma "abin da", "yaya" ta koma "yadda", "wa" ta koma "wanda". Direba ya ce da tsohuwa, "Ina za ki, Iya?" Idan mai labari ya ɗauke maganar ya mayar bakinsa, sai ya ce: Direba ya tambayi tsohuwa inda za ta. Wanda ya ga "inda" ya kuma ɗora alamar tambaya ya nuna bai san wa ke magana a labarinsa ba.

A lura kuma da "Iya" a wancan misali. Sunan wanda ake tambaya yana cikin tambayar, waƙafi ne ke raba su, alamar ta zo a bayansa. Masu rubuta "Ina za ki? Iya." sun sa direban ya yi tambaya, ya numfasa, sannan ya kira tsohuwa ba gaira ba dalili.

Batun mazaunin alamar, ciki ko wajen alamun zance, ba ya bukatar dogon bayani: wanda ya yi tambayar shi ke da alamar. In tauraro ne, ta shiga ciki. In mai labari ne ke tambaya game da wata magana, ta fita waje, kamar a ce: Wa ya koya wa yaron nan cewa "ba ruwana"? Inda ake tuntuɓe shi ne idan sunan mai magana ya biyo baya. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san cewa Abubakar Imam yawanci yakan fara ambaton mai magana da "ya ce", sannan maganar ta biyo, yadda mai tatsuniya ke yi, don haka alamar kan faɗo a ƙarshen jimla ba wata matsala. Marubutan baya sun ƙara yawaita jinkirta sunan, kuma ba laifi ba ne, sai dai sukan rubuta "Yaushe ka dawo", in ji matar? Sun ɗauke alamar daga bakin matar sun rataya wa mai labari. Daidai shi ne: "Yaushe ka dawo?" in ji matar. Ba a ƙara waƙafi bayan alamar, kuma "in ji" ba ta ɗaukar babban baƙi, tun da jimlar ba ta ƙare ba.

Akwai ƙananan kalmomi da ke yaudara. "Shin" da "anya" duk inda suka buɗe magana an san tambaya ce. "Ko" da "fa" kuwa fuska biyu gare su. "Ko ya zo?" tambaya ce, amma "Ko ya zo, ba zan fito ba" rantsuwar mai fushi ce. "Kuɗin cefanen fa?" uwargida ce ke neman haƙƙinta, "Ka dawo da wuri fa" gargaɗi ne. "Ko" ta ƙarshen jimla tana son waƙafi a gabanta: "Kin ji, ko?"

Wasu malamai na ganin gaisuwa ba ta bukatar alamar, wai mai cewa "Ina kwana" ba labarin barcinka yake nema ba. Ban yarda ba. Siffarta ta tambaya ce, kuma ana amsa ta da "Lafiya lau", har wanda ya ƙi amsawa a ce ya yi rashin kunya. "Sannu da aiki" ce ba ta da rabo a ciki. Haka tambayar da ba a jiran amsarta, irin "Ina ruwan biri da gada?" ko "Ni sa'arki ce?" a bakin kishiya, duk alamar tambaya suke ɗauka. Wadda ta fita daga wannan layi ita ce "Ina!" ta ƙin yarda, domin ta daina tambayar wuri, ta koma motsin rai.

Jera alamu uku kuwa, ko haɗa ta tambaya da ta motsin rai, rashin amincewa ne da kalmomin da marubuci ya zaɓa. Idan uwa ta ji an kama ɗanta ta ce, "Wane ɗan nawa?" alama ɗaya ta isa. In ana son a nuna ƙafafunta sun kasa ɗaukarta, sai mai labari ya ce ta dafa bango ta zauna.