Rawa a cikin tagulla: sharhi a kan mutum-mutumin Faransa na zamanin art nouveau

Tsakanin shekara ta 1890 da ta 1910, ma'aikatun zubi na birnin Paris sun cika kasuwa da ƙananan mutum-mutumi na tagulla, galibinsu siffar mace mai zuben gashi da mayafi yana kaɗawa. Salon ya samu sunansa daga kantin da Siegfried Bing ya buɗe a Paris a 1895, ya kai ganiyarsa a babban baje kolin duniya na 1900. A yau ƴan gwanjo suna tallar waɗannan kaya da kalmar "na asali". A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna cewa wannan ma'auni bai dace da su ba, kuma wanda ya riƙe shi ba zai gane inda kyawunsu yake ba, balle inda suka gaza.

Mu fara da yadda ake yin su. Mai zane yakan ƙera siffa guda da yumɓu ko da farar ƙasa, ya sayar wa mai ma'aikata da izinin zuba ta. Tun wajen 1838, lokacin da Ferdinand Barbedienne ya haɗa gwiwa da Achille Collas, wanda ya ƙago na'urar rage girman mutum-mutumi ba tare da ɓata kamanninsa ba, siffa ɗaya tana iya fitowa da tsawo iri uku ko huɗu, kowane da kuɗinsa a cikin kundin kaya. Yawanci a mazubin yashi ake zuba su, gunduwa-gunduwa, sa'an nan a haɗa. Wannan ya bambanta da zubin kakin zuma da muka sani wajen maƙeran da ke yin gicciyen Agadas, inda dole a fasa mazubi kafin a ciro abu. Bayan zubi akwai mai gyara da kurfi, akwai mai ba ƙarfe launi, akwai mai shafa ruwan zinariya. Sunan ɗayansu ba ya jikin aikin. Sunan mai zane da hatimin ma'aikata kaɗai ake gani. Dokar harajin Faransa ta yau ba ta ɗaukar zubi a matsayin aikin asali in ya wuce kwafi takwas, amma a 1900 babu wannan iyaka, ana zubawa ne muddin akwai mai saye. To, wanne ne na asali a cikinsu? Walter Benjamin, a maƙalarsa da ta fito da Faransanci a 1936, ya riga ya tunatar cewa tun zamanin Girkawa tagulla tana cikin abubuwan da ake iya maimaitawa da yawa.

Abin da ya kamata mu tambaya, a ganinmu, shi ne: shin ƙarfen ya iya abin da aka ɗora masa? Abin da aka ɗora masa kuwa motsi ne. Loïe Fuller, ƴar rawa ƴar Amurka, ta fara wasa a Folies Bergère a 1892. Takan sa doguwar riga ta alharini mai faɗi ƙwarai, da sanduna a ciki tana juya su, ana haska ta da fitilun lantarki masu launi daban-daban, har jikinta ya ɓace cikin yadi. A 1900 tana da gidan wasanta na kanta a filin baje kolin. Masu zane da yawa sun yi ƙoƙarin kama wannan rawa, kuma matsalarsu ɗaya ce: tagulla nauyi gare ta, ba ta barin haske ya ratsa ta, alhali rawar duka iska ce da haske.

Fitilar Raoul Larche (1860-1912), wadda ma'aikatar Siot-Decauville ta zuba wajen 1900, ita ce ta warware wannan matsala. Tsawonta bai kai rabin mita ba. Macen tana tsaye, hannuwa sama, yadin ya taso daga ƙafafu ya naɗe jiki ya buɗe bisa kanta kamar guguwa. Dabarar Larche ita ce ɓoye ƙwan fitila cikin naɗin yadin na sama. In an kunna, haske yakan faɗo kan ruwan zinariya, ya bi kwarin kowane naɗi, inuwa ta kwanta a ɗaya gefen, sai ido ya ga kamar yadin bai gama juyawa ba. Wato bai kwaikwayi siffar Fuller kawai ba, ya ɗauko kayan aikinta, lantarki, ya mayar da shi ɓangaren mutum-mutumin. Shi ya sa wanda ya ga wannan fitila a kashe cikin akwatin gilashi na gidan tarihi rabinta ya gani. Masu sharhi da ke raina ta don kayan ɗaki ce sun manta cewa amfanin nata shi ne ya ba ta rai. Fuskar dai ba ta da wani abin a zo a gani, murmushi ne na kowa da kowa; ƙarfin aikin yana cikin yadin.

Da Agathon Léonard (1841-1923) abin ya sha bamban. Jerin ƴan rawarsa goma sha biyar, Le Jeu de l'écharpe, an yi shi ne da farin tangaran na Sèvres domin ado bisa tebur, kuma ya yi suna a 1900. Da ma'aikatar Susse ta mayar da su tagulla, sai farin nan mai laushi da ke sa riga ta yi kamar ba nauyi ya tafi, riguna suka yi tauri kamar ƙararrawa. A wasu kwafin an sa fuska da hannuwa na hauren giwa, abin da ya ƙara kuɗi ya kuma raba jikin gida biyu, kai ya yi dabam, riga ta yi dabam. Shi kansa hauren daga Afirka ake kawo yawancinsa a wancan zamani na mulkin mallaka, kuma kundayen gwanjo ba su cika faɗin haka ba.

Can ƙasa kuma akwai kawunan ƴan mata irin na Emmanuel Villanis, waɗanda da dama aka zuba su da tutiya aka shafa musu launin tagulla. Fuska kusan ɗaya ce, suna ne ke sakewa a gindi. Laifinsu ba yawa ba ne, domin fitilar Larche ma an zuba ta da yawa. Laifinsu shi ne babu wata matsala da suka yi kokawa da ita.

Ko cikin kwafin fitilar Larche ɗin akwai fifiko, kuma a nan ne aikin ma'aikatan da ba a rubuta sunansu ba yake bayyana. Kwafin da mai kurfi ya bi naɗin yadin ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ya yi kaifi, yakan tsare haske ya jefa inuwa. Wanda aka zuba daga baya bisa wani kwafin, maimakon siffar farko, yakan ɗan rage girma saboda ƙarfe na tsukewa in ya huce, bakin naɗin ya dakushe, haske ya zame a kai. Dukansu biyu suna ɗauke da sa hannun Larche iri ɗaya.