Jinjina ga Masu Bin Sawun Ebola a Legas

Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya da cutar Ebola a jikinsa. Dokta Ameyo Adadevoh ce ta hana shi barin asibiti, kuma cutar ta yi ajalinta. Sunanta ya zaga duniya, ta kuwa cancanci haka. Amma akwai wasu bayin Allah da ba a cika ambata ba, wato ma'aikatan da suka bi sawun duk wanda ya yi cuɗanya da mara lafiya.

Aikinsu na haƙuri ne. Kullum sai su je gidan mutum, su auna zafin jikinsa, su tambayi lafiyarsa, su rubuta, har kwana 21, tsawon lokacin da cutar kan iya ɓuya kafin ta bayyana. Wanda zazzaɓi ya kama, nan take a keɓe shi. A Legas fa, garin cunkoso, inda neman gidan wani kaɗai kan cinye yini! Ga tsoron da ke sa mutane ɓoye gaskiya, don kada maƙwabta su ƙaurace musu. Duk da haka sun bi mutum kusan 900, sun kai ziyara wajen 18,500, har Fatakwal, inda cutar ta tsallaka.

Dabarar ma ba daga sama ta faɗo ba: tsarin yaƙi da shan inna aka ɗauko, tare da ƙwararrunsa. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu sauran Ebola a Najeriya.