3.4 Rikicin Dashen Na'urar Ji a Matsayin Dalilin Kisa

A wannan sashe za a dubi yadda wasannin talabijin na binciken laifi suka sarrafa saɓanin da ke tsakanin kurame game da dashen na'urar ji. An zaɓi kashi biyu daga wasannin Amurka domin nazari, wato “Silencer” na shirin Law & Order: Criminal Intent (2007) da “Andy in C Minor” na shirin Cold Case (2008).

Kafin a shiga warwarar jigo, ya kamata a san tushen saɓanin. Ita wannan na'ura ana dasa ta ne ta hanyar tiyata can cikin kunne, inda take mayar da sauti saƙon lantarki ta aika wa jijiyar ji. Ba ta dawo da ji irin na asali, kuma mai ita yana buƙatar dogon horo. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa manya a 1984, sannan yara daga shekara biyu a 1990. A 1991 ƙungiyar kuramen ƙasar ta soki yi wa yara dashen, kodayake ta sassauta matsayinta a 2000. Hujjar masu suka ita ce, kurame al'umma ce mai harshenta, wato maganar hannu. Ba su manta da taron Milan na 1880 ba, wanda ya yi sanadin korar wannan harshe daga makarantu da dama.

A “Silencer” an kashe wani likitan kunne mai yin dashen. Da farko zargi ya faɗa kan masu fafitikar kare al'adar kurame, amma daga ƙarshe sai ta bayyana wani saurayi kurma ne ya yi kisan, don tsoron kada budurwarsa ta sami ji ta guje shi. A “Andy in C Minor” kuwa, ɗalibi ne a makarantar kurame ya yarda aka yi masa dashen, sai amininsa, shi ma kurma, ya hallaka shi saboda ganin zai bar shi a baya.

Idan aka lura, za a ga zubin labaran biyu iri ɗaya ne. An buɗe su da muhawarar al'umma, aka rufe su da kishin mutum guda. A ra'ayin mai wannan nazari, tsarin wasan ne ya jawo haka, domin dole ne cikin ƙasa da awa ɗaya 'yan sanda su kama mai laifi, kuma dalilinsa ya zama wanda mai kallo zai gane nan take. Tarihin danne harshe ba ya shiga ankwa, amma mai kishi yana shiga. Sakamakon haka, mai ƙin dashen ya fito a matsayin mai tsoro da hassada, hujjojinsa kuma suka bi ruwa.

Wani rauni kuma shi ne, taurarin da ke neman dashen duk sun kai munzalin zaɓa wa kansu. Alhali ainihin gardamar a kan ƙananan yara take, waɗanda mafi yawansu iyayensu masu ji ne, kuma iyayen ke yanke musu hukunci. Tambayar ko yaron da aka yi wa dashe zai koyi maganar hannu, wadda ita ce zuciyar batun, ba ta sami gurbin da ya dace da ita ba.

Duk da haka, ba za a hana wasannin yabon da suka cancanta ba. An sa kurame na gaskiya sun fito a manyan matsayi, an kuma nuna maganar hannu tana ɗauke da soyayya da faɗa da ƙarya kamar kowane harshe. Haka nan, an nuna 'yan sanda sun dogara ga tafinta, wato a duniyar kurame su ne baƙi marasa harshe.

A taƙaice, wasannin sun gabatar da kurame ga ɗimbin masu kallo, amma sun mayar da kukan al'umma laifin mutum ɗaya. Sashe na gaba zai dubi matsayin tafinta a fagen tuhuma.